Mota mai daɗin tuƙi a kan dala 400 a wata: lissafin da tallan haya ba ya nunawa

A watan Satumba na 2025, matsakaicin abin da Ba'amurke ke biya ya sayi sabuwar mota ya haura dala 50,000 a karo na farko, kamar yadda alƙaluman Kelley Blue Book suka nuna. Ga ma'aikacin da albashinsa bai taka kara ya karya ba, wannan farashi ya fi ƙarfin aljihu, kuma ko bashi ya ci sai an ja masa shi shekara shida ko bakwai kafin biyan wata-wata ya sauko inda zai iya numfasawa. Shi ya sa kusan ɗaya cikin kowace huɗu ta sababbin motocin da ke barin harabar dillalai a ƙasar hayarta ake ɗauka. Haya ce ta dogon zango, galibi ta wata 36, wadda idan ta ƙare mutum zai mayar da makulli, ko kuma ya biya wani farashi da aka yanka tun ranar farko ya mallaki motar.

A cikin masu wannan haya akwai wani rukuni da buƙatarsa ta fita daban. Abin da zai kai su wurin aiki ya dawo da su bai ishe su ba. Suna son motar da idan aka shiga kwana da ita za a ji hanya a tafin hannu, motar da za ta sa mutum ya bi doguwar hanya zuwa gida da gangan. Sai dai abin da za su iya warewa bai wuce dala 350 zuwa 450 a wata ba, alhali matsakaicin kuɗin hayar sabuwar mota yana kusa da dala 600. Tambayar da suke yawan yi ita ce: wace mota ce ta fi daɗi a wannan kuɗi? Tambaya ce mai ma'ana, amma tana ɗauke da wani zato da ba daidai ba, wato cewa kuɗin wata yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da darajar mota. A kasuwar haya, abin da lambar wata ke aunawa shi ne yadda kamfani ya ƙosa ya rabu da motar. Kuma motocin da suka fi daɗin tuƙi su ne waɗanda kamfanoninsu ba su ƙosa da su ba.

Ba za a gane haka ba sai an buɗe cikin lissafin. Mai haya kuɗin tsufan mota yake biya, wato darajar da za ta zube a tsawon lokacin da take hannunsa, sannan a ɗora masa kuɗin ruwa. Lambobi uku ne ke haifar da abin da zai riƙa biya. Akwai farashin da aka daidaita a kai bayan ciniki da rangwame. Akwai ragowar daraja, wato abin da kamfanin da ya ba da hayar ke hasashen motar za ta yi a kasuwa ranar da aka dawo da ita; ana lissafa shi da kaso cikin ɗari na farashin da masana'anta ta liƙa a gilashi, ko da an yi ciniki ƙasa da shi. Sai ma'aunin kuɗin ruwa, wata 'yar lamba mai sifili da yawa a gaba, wadda ake ninkawa da jimillar waɗancan lambobi biyu.

A ɗauki misali na ƙiyasi. Ga ƙaramar mota mai zafi, farashinta dala 35,000, dillali ya ƙi rage ko sisi. An yanka ragowar darajarta bayan wata 36 a kan kashi 60 cikin ɗari, wato dala 21,000. Abin da zai zube dala 14,000 ke nan, wanda idan aka raba shi gida 36 zai ba da wajen dala 389 a wata. Ma'aunin ruwa 0.0025 ne, idan aka ninka shi da dala 56,000, jimillar farashi da ragowar daraja, an sami ƙarin dala 140. Kuɗin wata ya tashi dala 529, haraji bai shigo ba tukuna.

Ga wata kuma a harabar dillalin da ke tsallaken titi, farashinta dala 45,000, ta yi watanni tana shan rana. Masana'anta ta zuba rangwamen dala 7,000, farashi ya dawo 38,000. Ragowar daraja kashi 58 ne na ainihin farashin, wato dala 26,100. Abin da zai zube dala 11,900 ne, kimanin 331 a wata. An sassauta ma'aunin ruwa zuwa 0.0010, wanda ya ba da dala 64. Jimilla dala 395. Motar da ta fi tsada da dala 10,000 ta zo da sauƙin fiye da dala 130 a kowane wata. Babu siddabaru a ciki, babu kuma alheri. Wani ne ya ga kayansa sun kwanta, ya yanke shawarar yin asarar kaɗan da gangan don kada ya yi ta da yawa.

Wanda ke da ikon murɗa waɗannan lambobi shi ne reshen ba da bashi na kamfanin motar kansa, irin su Toyota Financial Services da Honda Financial Services da BMW Financial Services. Rage farashi a fili yana zubar da mutuncin mota, yana kuma ɓata wa waɗanda suka saya jiya rai. Amma idan aka ɗaga ragowar daraja da maki biyu ko uku, ko aka sassauta ruwa, rangwamen ya shige cikin lambar wata ba tare da an taɓa takardar da ke jikin gilashi ba. Kamfanonin motocin alfarma sun daɗe suna rayuwa da wannan dabara. Motar da masu son ta ke zuwa nema da ƙafarsu kuwa, wasu ma su yi watanni suna jiran launin da suke so, ba ta samun irin wannan gata. Don me za a yi wa mai ƙishi rangwamen ruwa?

Ma'aunin ruwan nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne aka fi cin mutane ba tare da sun ji zafi ba. Dokar hayar kaya ga masu amfani da su ta 1976 ta tilasta wa masu ba da haya su bayyana abubuwa da dama a rubuce: abin da za a biya ranar sa hannu, kuɗin wata, ragowar daraja, tarar wuce mil, hukuncin fasa yarjejeniya kafin lokaci. Amma ba ta tilasta musu su faɗi kuɗin ruwa da kaso na shekara ba, yadda ake yi a bashin saye. Dillali kuma yakan sami damar ɗora wani abu a kan ma'aunin da kamfanin bashi ya ba shi, bambancin ya zama rabonsa. Maganin abin ba shi da wuya: a tambayi lambar, a ninka ta da 2,400. Lamba 0.0025 ruwan kashi 6 ne a shekara, 0.0010 kuwa kashi 2.4. Ƙarin 0.0004 da ido ba zai ko lura da shi ba ya kusa kashi ɗaya cur, kuma a misalin farko yana nufin fiye da dala 800 a shekara uku.

Sai tallan kansa. Idan allo ya ce dala 299 a wata da manyan haruffa, a ƙasa da ƙananan haruffa akwai kuɗin kafin alƙalami. Idan dala 3,600 ne, an ƙara dala 100 ke nan a kan kowane wata na 36, hayar ta dala 399 ce aka yi mata kwalliya. Ga kuɗin buɗe yarjejeniya a farko, ga kuɗin karɓar mota a ƙarshe, kowannensu ɗaruruwan daloli. Lambar da ta kamata mai ƙaramin ƙarfi ya riƙe ita ce jimillar duk abin da zai fita daga aljihunsa tun daga ranar farko har ta ƙarshe, a raba da yawan watanni.

Mene ne daɗin mota?

Kafin a zargi kasuwa, ya kamata a ce wani abu game da mai nema, domin sau da yawa bai tantance abin da yake nema ba. Mutane da yawa idan suka ce mota mai daɗi, ƙarfin inji suke nufi, ko tambarin da ke kan hanci. Amma a galibin manyan hanyoyin Amurka iyakar gudu tana tsakanin mil 65 zuwa 75 a awa, kuma mafi girma a duk ƙasar, a wani yanki na hanya a Texas, mil 85 ne. Motar da ke da ƙarfin doki 500 tana cin wannan iyaka cikin 'yan daƙiƙoƙi, daga nan sai mai ita ya yi sauran tafiyar yana riƙe da linzami. Ya biya kuɗin ingarma, yana kilisa a cikin lungu. Tambari kuwa na maƙwabta ne. Wanda ke zaune a bayan sitiyari ba ya ganinsa.

Amsar da ta fi gamsarwa ta fito ne daga Hiroshima. A watan Fabrairu na 1989, a baje kolin motoci na Chicago, Mazda ta gabatar da MX-5, wadda Amurkawa ke kira Miata: kujera biyu, rufi mai naɗewa, inji ɗan ƙarami, tayoyin baya ne ke tura ta. A watan Afrilu na 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya, kuma babu wata motar wasanni mai kujera biyu da rufi mai naɗewa da ta kai ta kasuwa. Ta yau ƙarfin doki 181 gare ta, ƙasa da na motocin iyali da yawa, amma nauyinta bai kai kilo 1,100 ba. Injiniyoyinta suna da kalmar da suke fassara manufarsu da ita, jinba ittai, tsohuwar magana ta maharba a kan doki a Japan, ma'anarta mahayi da doki su zama jiki ɗaya. Duk wanda ya taɓa kallon gwanin mahayi ranar hawan Sallah, yadda doki ke juyawa tun kafin a ga hannu ya motsa, ba ya buƙatar ƙarin bayani. Mota marar nauyi tana amsa umarni nan take, birkinta ba ya wahala, tayarta ba ta saurin cinyewa, kuma ana iya matsa mata har kusa da iyakar ƙarfinta ba tare da an karya doka ba. Wannan na ƙarshe shi ne asirin. Daɗin tuƙi yana cikin amfani da mafi yawan abin da mota ke da shi, kuma a kan titin jama'a ƙaramar mota ce kawai ke ba da wannan dama.

'Yan uwanta a wannan aji ba su da yawa. Akwai tagwayen nan, Toyota GR86 da Subaru BRZ, waɗanda ake ƙerawa a masana'antar Subaru da ke Gunma, masu ƙarfin doki 228 da nauyin da bai kai kilo 1,300 ba. Suna da kujerun baya, amma na jaka ne ba na mutum ba. Akwai Honda Civic Si mai ƙofa huɗu da ƙarfin doki 200, wadda ba a sayar da ita sai da giyar hannu, kuma ita ce ta fi dacewa da mai iyali da mota ɗaya. Akwai Volkswagen Golf GTI, wadda tun 1976 take nuna cewa motar cefane za ta iya yin rawa, ko da yake daga samfurin 2025 an cire mata giyar hannu. Akwai Hyundai Elantra N mai ƙarfin doki 276, mai hayaniya da rashin kunya. Jerin kullum raguwa yake. Tun 2018 Ford ta sanar da cewa za ta daina sayar da ƙananan motoci a Amurka in ban da Mustang, kuma Fiesta ST, wadda ta kasance amsar wannan tambaya ga mai ƙaramin albashi, ta tafi tare da su. Motoci masu giyar hannu ba su kai uku cikin ɗari na sababbin da ake sayarwa a ƙasar ba.

Wanda ke shakkar cewa ƙarfi kaɗai ba ya isa, ya dubi Hyundai Ioniq 5 N. Mota ce ta lantarki, ƙarfin dokinta ya kai 641, nauyinta ya haura tan biyu. Ba ta da akwatin giya irin na motar fetur, ba ta kuma buƙatarsa. Duk da haka injiniyoyi sun zauna sun koya wa kwamfutarta kwaikwayon giya takwas, har da 'yar fizgar da ake ji a baya idan giya ta shiga, har da kukan inji ta lasifika. Masu sharhin motoci sun yaba mata ƙwarai saboda wannan kwaikwayo. Kamfani ya kashe kuɗi ya dawo da abin da fasaha ta kawar, domin ya gane cewa direba yana son a riƙa yi masa magana.

Sauran lamarin na jiki ne, kuma babu mujallar da za ta yanke wa mutum hukunci a kai. Dogon mutum zai iya tarar da kansa yana gogar rufin Miata. Mai ciwon baya da ke zaune a garin da sanyi ke farfasa kwalta zai tsani motar da ke da taurin ƙafa kafin wata uku. Mai shafe awa guda a cunkoso kowace safiya zai gaji da taka kuloci. Zagayen minti goma da dillali a gefe yana surutu ba ya bayyana waɗannan abubuwa. Sai an nemi awa guda, a bi hanyar da za a riƙa bi kullum.

Harajin jin daɗi

A nan ne haya da daɗi suke karo da juna kai tsaye. Kowace yarjejeniya tana da iyakar tafiya, yawanci mil 10,000 ko 12,000 ko 15,000 a shekara, kuma lambar da ake tallatawa kusan kullum ta mafi ƙarancin ce. Mil 10,000 kimanin kilomita 16,000 ne. Matsakaicin direba a Amurka kuwa yana cin wajen mil 13,500 a shekara. Wanda wurin aikinsa ke da nisan mil 15 daga gida, idan ya je ya dawo kwana 240 a shekara, ya cinye mil 7,200 bai je ko'ina ba. Saura 2,800 na cefane da ziyara da kai yara, da kuma wannan yawon na safiyar Asabar wanda dominsa aka zaɓi motar tun farko. A kan iyakar Tennessee da North Carolina akwai wani yanki na hanya mai lamba 129 da masu son tuƙi ke kira Wutsiyar Dodo, kwana 318 a cikin mil 11. Mil 11 ba komai ba ne, amma zuwa can da dawowa daga galibin manyan biranen ƙasar ɗaruruwan mil ne. Duk mil ɗin da ya wuce iyaka ana biyansa a ƙarshe, kuma rubu'in dala a kan kowane mil farashi ne da aka saba gani. Wuce iyaka da mil 5,000 a shekara uku tarar dala 1,250 ce.

Tsarin haya, ke nan, yana saka wa wanda ya ajiye motarsa, yana cin tarar wanda ya so ta. Kuma abin bai tsaya a mil ba. Motocin wasanni da yawa suna zuwa da tayoyi masu laushi da ke kama kwalta da kyau amma su ƙare da wuri, ga shi kuma ba a karɓar mota da suɗaɗɗiyar taya. Wanda ya more kwana zai iya sayen sababbin tayoyi huɗu ya miƙa wa kamfani a watan ƙarshe. Ba a yarda a canza wa mota komai na dindindin ba, alhali rabin sha'awar masu irin waɗannan motoci gyare-gyare ne. Inshora ta yau da kullum galibi ba ta ɗaukar asarar da aka yi a filin tsere. Kamfanin haya kuma yana wajabta cikakkiyar inshora, wadda ga saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai mai motar wasanni za ta iya cin wani babban kaso na abin da ya ware. Duk wanda bai nemi farashin inshora kafin sa hannu ba bai san kuɗin watansa ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Direban da ido ɗaya ke kan hanya, ɗaya kan na'urar ƙirga mil, wanda duk ƙarar tsakuwa a jikin fenti ke tuna masa da mai duba mota da zai zo da ma'auni a wata na 36, ya rasa wani yanki na abin da ya biya kuɗi ya samu.

Wannan ba ya nufin haya wauta ce. Tana da wata fa'ida babba da masu kushe ta ba sa son ambatawa: kamfani ne ke ɗauke da haɗarin faɗuwar daraja. Idan aka yanka ragowar daraja dala 21,000, ranar dawowa kuma motar ba ta yi 17,000 a kasuwa ba, mai haya ya ajiye makulli ya kama gabansa. Idan kuwa kasuwa ta hau, yana da ikon saye a tsohon farashi. A 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki ya durƙusar da masana'antu har farashin tsofaffin motoci ya yi tashin gwauron zabo, masu haya da yawa sun tarar motocinsu sun fi farashin da ke cikin takarda da dubban daloli, suka saya suka sayar da riba. A 2023 abin ya juya ta wani gefen: Tesla ta yi ta zaftare farashi, darajar motocin lantarki na hannu ta rushe, har kamfanin Hertz ya sanar a watan Janairu na 2024 cewa zai sayar da wajen 20,000 daga cikin nasa. Wanda ya saya ya sha asara, wanda ya yi haya ko a jikinsa.

Motocin lantarki ma su ne suka fi nuna yadda hannun waje ke juya lambar wata. Dokar da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a watan Agusta na 2022 ta ba da rangwamen haraji har dala 7,500, amma ta gindaya wa mai saye sharuɗɗa masu tsauri game da inda aka haɗa motar da kuma yawan abin da yake samu. Motar haya kuwa an lissafa ta a matsayin motar kasuwanci mallakar kamfani, sharuɗɗan ba su hau kanta ba, sai kamfanoni suka riƙa karɓar kuɗin suna zubawa cikin hayar. Na ɗan lokaci, motoci masu tsada da saurin tashi kamar kibiya sun shigo cikin ikon mai dala 400. An rufe wannan ƙofa ranar 30 ga Satumba na 2025, bisa dokar da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli na shekarar. Motocin ba su canza ba, amma duk wanda ke dogara da farashin da abokinsa ya samu kafin wannan rana yana lissafi da kuɗin da babu.

Idan aka haɗa waɗannan, hukuncin yana fitowa da kansa, ko da ba zai yi wa kowa daɗi ba. Haya tana da amfani ne a kan motar da ake tsoron faɗuwar darajarta, ko wadda kamfani ya zuba wa tallafi. Miata da GR86 da Civic Si ba sa cikin ko ɗaya: suna riƙe daraja, kamfanoninsu kuma ba sa roƙon kowa. Mai hayarsu yana biyan cikakken ruwa don kariyar da ba ya buƙata sosai, sannan ya karɓi takunkumin mil a kan motar da aka ƙera don yawo. Ga wanda zuciyarsa ta kafe a kan ɗaya daga cikinsu, sayen wadda ta yi shekara uku ko huɗu ya fi kusa da hankali, musamman da yake injinan waɗannan motoci ba su da rikici kuma duk bakanike ya san su. Kasuwar na-hannu ɗin ma motocin da aka dawo da su daga haya ne ke ciyar da ita. Wasu dillalai su saya a gwanjo su sake sayarwa a gida, wasu kuma bayan sun ƙara shekaru su ƙare a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Legas.

Wanda kuma ya dage sai haya, ko don yana son garanti ya rufe shi duk tsawon lokacin, ko don ba ya son zama da mota ɗaya fiye da shekara uku, to ya shiga kasuwa da sunaye huɗu ko biyar a aljihu. Wanda ya zo da suna ɗaya ya riga ya sallama ciniki. Tallafin kamfanoni yana sauyawa wata-wata, yana kuma bambanta daga yanki zuwa yanki. Motar da ta gagara a watan Maris za ta iya saukowa a ƙarshen shekara, lokacin da sabon samfuri ya iso kuma tsohon ya tare wuri. Mota mai giyar hannu da ta daɗe a harabar dillalin da ke garin da ba a iya tuƙa ta ba ita ma dama ce. Masu bin wannan kasuwa suna da wani awo na kan-tsaye: idan kuɗin wata, ba tare da kafin alƙalami ba, ya yi kusa da kashi ɗaya cikin ɗari na farashin motar, ciniki ya yi kyau. Da wannan awo, mai dala 400 ya san cewa motar dala 40,000 ita ce ƙololuwar abin da zai yi fata, kuma duk wanda ya nemi ya karɓi dala 400 a kan motar 28,000 ya raina masa wayo.

A teburin dillali, farashin mota ake fara daidaitawa kamar za a saya, kafin a ambaci haya ko a faɗi abin da ake iya biya a wata. Wanda ya furta dala 400 da bakinsa zai sami dala 400, a kan motar da dillali ya ga dama. Kuɗin kafin alƙalami gwamma a bar shi kusa da sifili ko da kuɗin wata zai hau, domin idan motar ta yi haɗarin da ba ta gyaruwa a wata na biyu, inshora kamfanin haya za ta biya, abin da aka bayar a gaba kuma galibi ya tafi ke nan. Mil ɗin da ake buƙata da gaske a saye shi tun farko, ya fi arha fiye da tarar ƙarshe.

Akwai wata ƙofa da ba a cika kula da ita ba, wadda ta fi kowace dacewa da mai neman daɗi da kuɗi kaɗan: karɓar hayar wani. Mutane suna shiga yarjejeniyar wata 36, sai haihuwa ta zo, ko aiki ya sauya, kujera biyu ta daina isa. Fasa yarjejeniya yana da tsada ƙwarai, don haka sukan nemi mai karɓa ta shafuka irin su Swapalease da LeaseTrader, wani lokaci har su ɗora kuɗi a kai don a rabu da su. Mai karɓa ya tsallake kafin alƙalami, ya gaji kuɗin watan da wani ya riga ya saukar da nasa gumin, kuma ya ɗaure kansa na wata 12 ko 18 kacal, lokacin da ya isa mutum ya gane ko motar wasanni sha'awa ce ta gaske ko ta kallo. Ba kowane kamfanin bashi ke yarda da wannan musaya ba, wasu kuma suna barin alhaki a wuyan na farko. Mai karɓa yana gadon komai, har da ƙwarzanen da ke jikin ƙofa da tayar da ta kusa ƙarewa, don haka sai an kai motar wurin bakanike kafin a sa hannu. Lambobi biyu ne za a fara dubawa a takardar: mil nawa ya rage idan aka raba shi da watannin da suka saura, da kuma farashin da aka yanka na mallakar motar a ƙarshe, domin idan ta shiga rai, wannan farashin ne za a biya.